Gida ko Rai: Me Ya Kamaci Maigida Idan Gobarar Daji Ta Tunkaro?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗauki mai karatu zuwa wata ƙasa mai nisa, watau Ostireliya, domin mu duba wani al'amari da ya auku a can cikin shekarar 2009, wanda ya tayar da tambayar da ta shafi kowane magidanci a duk inda yake zaune. Tambayar kuwa ita ce: idan gobarar daji ta tunkaro gari, aka kuma tabbatar za ta iso, me ya wajaba a kan maigida? Ya tsaya ya kare gidan da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ginawa, ko kuwa ya kwashe iyalinsa tun da wuri, ya bar gidan ga abin da hali ya yi? Da jin tambayar sai mutum ya ce ai wannan ta 'yan kwana-kwana ce. To amma idan aka nutsa za a ga ta taɓo amana, ta taɓo jarunta da kunya, ta kuma taɓo ma'anar kalmar gida ita kanta.

Baƙar Asabar

Ranar Asabar 7 ga watan Fabrairu na 2009 ita ce mutanen jihar Biktoriya, a kudu maso gabashin Ostireliya, suke kira Baƙar Asabar. A can watan Fabrairu tsakiyar bazara ne. Jihar ta shafe fiye da shekara 10 tana fama da ƙarancin ruwan sama, kuma a ƙarshen Janairu an jera kwana 3 zafi yana haura digiri 43 a birnin Melbon. Ciyawa da itatuwa duk sun bushe ƙayau. Tun ranar Juma'a shugaban gwamnatin jihar, John Brumby, ya fito ya gargaɗi jama'a cewa gobe za a ga rana mafi muni a tarihin jihar. Washegari da rana zafi ya kai digiri 46.4 a Melbon, ga iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga arewa maso yamma.

Dab da tsakar rana wata wayar lantarki ta tsinke a kusa da garin Kilmore, ta faɗa cikin busasshiyar ciyawa. Wutar da ta tashi daga nan ta miƙe doguwa siririya, tana bin inda iska ta kora ta. Da yamma sai iskar ta juya ta koma busowa daga kudu maso yamma, nan take dogon gefen wutar nan ya zama shi ne goshinta, ta faɗa wa garuruwan da mutanensu suke ganin ta riga ta wuce su. Wannan wuta guda ta kashe mutum 119, akasarinsu a garin Kinglake da ƙauyukan da ke kewaye. Wata wutar kuma ta cinye garin Marysville kusan ƙurmus. Da aka gama ƙirga, mutum 173 suka rasu, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne inda aka tsinci gawawwakin. Mutum 113 daga cikin 173 ɗin nan a cikin gidaje suka mutu, watau a wurin da aka daɗe ana gaya musu cewa shi ne mafakarsu.

Hujjar masu tsayawa

Kada mai karatu ya yi gaggawar cewa ai wauta ce ta hana su gudu. Kafin wannan rana hukumomin ƙasar suna da tsari sananne, wanda ke cewa kowane gida ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko dai a shirya sosai a tsaya a kare gida, ko kuwa a fice tun da wuri. Wannan tsari ba da ka aka yi shi ba. Bayan gobarar 16 ga Fabrairu na 1983, wadda ta kashe mutum 75 a jihohi 2, masu bincike sun bi gida-gida suna duba yadda wuta ta ci su. Suka gano cewa yawancin gidaje ba harshen wutar daji ne ke kama su kai tsaye ba. Tartsatsi ne da garwashin da iska ke ɗaukowa, su faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko su kutsa ta wata kafa a ƙarƙashin rufi, su yi ta ci a hankali har gidan ya kama. Idan akwai mutum mai lafiya a tsaye da bokiti da jiƙaƙƙen tsumma, yana iya kashe waɗannan ƙananan wutace tun ba su girma ba. Suka kuma gano cewa da yawa daga waɗanda gobara ke kashewa a kan hanya take riskar su, domin sun tashi gudu a makare, hayaƙi ya rufe musu ido, hucin wuta ya kayar da su tun harshenta bai taɓa su ba. Saboda haka aka ce mutum ya kare gida, gida kuma ya kare mutum.

Lalle batun gudu a makare gaskiya ne har gobe. A watan Yuni na 2017 gobarar daji ta kashe mutum 66 a tsakiyar ƙasar Fotugal, 47 daga cikinsu a kan titi guda, cikin motocinsu ko a gefensu.

Ban da hujjar masu bincike, akwai ta zuciya, wadda ba za mu raina ba. Gida ba tubali da kwano ba ne kurum. Shi ne gumin shekaru, a nan aka haifi 'ya'ya, a nan iyaye suka cika, a nan ajiyar mutum da asirinsa suke. Wanda ya rasa gida a shekara 60 da wuya ya sake gina wani. Ga kuma dabbobi, waɗanda ba su san hanyar tsira ba sai wadda mai su ya nuna musu. Haka nan mai tsayawa zai iya cewa, idan kowa ya gudu wa zai kashe wutar da ta kama gidan maƙwabci kafin ta tsallako? Kuma gaskiya ne, ko a Baƙar Asabar ɗin akwai mutane da dama da suka tsaya, suka tsira da ransu da gidajensu. Duk wanda zai ce a fice, dole ya san nauyin abin da yake cewa a bari.

Inda hujjar ta gaza

Gwamnatin jihar ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin tsohon alƙali Bernard Teague, wadda ta miƙa rahotonta a watan Yuli na 2010 da shawarwari 67. Hukumar ba ta yi watsi da tsarin nan baki ɗaya ba, kuma ta ɗora wa hukumomi nasu laifin, domin gargaɗi bai isa ga mutane da yawa a kan lokaci ba. Amma ta nuna cewa tsarin ya ɗauka duk gobara iri ɗaya ce, alhali akwai ranar da wuta ke fin ƙarfin kowane irin shiri, akwai kuma gidan da ba ya karuwa ko da wane ne a cikinsa. Dazukan yankin cike suke da itacen turare, irin wanda aka daddasa a nan ƙasarmu don tare hamada. Ganyensa mai ne da shi, ɓawonsa kuma yana saɓulewa dogo-dogo, iska ta ɗauke shi yana ci da wuta. A ranar nan an sami garwashin da ya tashi ya haifar da sabuwar wuta kimanin kilomita 30 gaba da uwar wutar. Wutar daji kuma tana ninka saurinta a duk hawan tudu na digiri 10. Mai bokiti da tsumma ba shi da abin yi da irin wannan.

Binciken da aka yi wa hukumar kan waɗanda suka rasu ya fito da wasu abubuwa guda 3 da suka kamata mu tsaya a kansu. Na farko, fiye da rabinsu ba su yi wani shiri ba, na tsayawa ko na tafiya. Da dama suna jira ne su ga abin da zai faru tukuna. Na biyu, kusan rabinsu masu rauni ne, watau yara ƙanana, da tsofaffi, da marasa lafiya ko naƙasassu. Na uku, a wasu gidajen an sami saɓani kafin wutar ta iso, kuma galibi matar ce ke son a tafi, mijin yana son a tsaya.

Mu fara da na farko. A takarda zaɓi biyu ne, amma a zuciyar ɗan Adam akwai na uku, wanda ya fi su farin jini, shi ne "bari mu gani". Mai wannan zaɓi bai share ciyawa ba, bai tanadi ruwa ba, bai kuma haɗa kaya ba. Yana gaya wa kansa cewa idan abin ya yi tsanani sai ya tafi. Abin da bai sani ba shi ne, lokacin da zai gane abin ya yi tsanani shi ne daidai lokacin da hanya ta riga ta rufe. Rana ta koma dare saboda hayaƙi, lantarki ya ɗauke, famfo ya ƙafe, rugugin wuta ya hana shi jin maganar na kusa da shi. Hausawa sun ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. To idan sa gudu ya zo a irin wannan rana, babu wurin gudun. Don haka mu a ganinmu rashin yanke shawara shi ma shawara ce, kuma ita ce mafi muni, domin mai ita ya miƙa ragamar iyalinsa ga iska.

Ran wa ake jinginarwa?

Abu na biyu da na uku su ne zuciyar wannan rubutu. Baligi mai hankali da lafiya, wanda ya san hatsarin, ya yi tanadi, yana da damar ya ce zai tsaya ya kare dukiyarsa. Ransa ne, kuma ko ba mu yarda da shi ba za mu fahimce shi. Amma yaro ɗan shekara 5 bai zaɓi komai ba. Tsohuwar da ba ta iya tafiya sai da sanda ba ta zaɓi komai ba. Idan maigida ya ce "ba inda za mu", ya yi caca ne da abin da ba nasa ba. Gini mallakarsa ne, yana iya sayarwa, yana iya kyautarwa, yana iya rushewa. Iyali kuwa amana ce a hannunsa, kuma ba a jinginar da amana don a ceci dukiya. A harshenmu ma idan aka tambayi mutum "ina gida?" ba lafiyar katanga ake tambaya ba.

Sai mu tambayi kanmu, me ke hana namiji tafiya alhali matarsa tana roƙonsa? Sau da yawa ba ƙaunar ginin ba ce kaɗai. Kunya ce. Yana tsoron a ce wane ya gudu ya bar gidansa, maƙwabcinsa kuwa ya tsaya. Yana tsoron ya kwashi iyali ya kwana a wani gari, wutar kuma ta ƙi zuwa, ya dawo ana yi masa dariya. Wannan hali ba na Turawa kaɗai ba ne. Mu ma tun muna yara kirarin da muke ji na wanda ba ya ja da baya ne, kuma a littattafan da muke rubutawa jarumi shi ne mai faɗa wa hatsari, ba mu cika yabon wanda ya hango hatsarin ya kauce da mutanensa ba. To amma a auna abin da ke kowane ɓangare na sikeli. Wanda ya tafi wuta ba ta zo ba, ya yi hasarar kwana guda da ɗan man mota, ya sha zolaya. Wanda ya tsaya wuta ta fi ƙarfinsa, hasararsa ba ta da mayarwa. Ko sau 10 mutum ya tafi a banza, bai kai hasarar tsayawa guda da ta ɓaci ba. Jure wa dariyar mutane domin 'ya'yanka su kwana lafiya shi ma jarunta ne, sai dai ba a yi masa kirari.

Akwai kuma darasi game da shawara a cikin gida. Matar da ta ce a tafi, ita ce yawanci za ta goya ƙarami ta ja hannun babba idan abu ya ɓaci, saboda haka ta fi kowa sanin nauyin gudu da yara. Maigidan da ya ɗauki maganarta a matsayin tsoron mata ya toshe kunnensa ga wanda ya fi shi ganin wani sashe na gaskiya. Irin wannan magana ba a tsakar gida ake yin ta ba hayaƙi na turnuƙowa. Tun da sauran watanni ake zama a yanke: rana kaza idan hukuma ta yi gargaɗi kaza, za mu tashi, wane zai ɗauki wane, ta hanya kaza za mu bi, idan ta toshe sai kaza, a gidan wane za mu haɗu.

Bayan 2009 Ostireliya ta ƙara wani mataki a saman ma'aunin hatsarin gobara, na ranar bala'i, wadda shawarar hukuma a cikinta ita ce a bar yankin tun daren jiya ko da sassafe. A gobarar 2019 zuwa 2020 dajin da ya ƙone ya ninka na 2009 sau da yawa, gidaje fiye da 3,000 suka salwanta, amma waɗanda wuta ta kashe kai tsaye mutum 33 ne. Dalilan wannan bambanci suna da yawa, sai dai babu shakka saurin gargaɗi da saurin ficewa suna cikinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kada a fahimce mu da cewa mutum ya naɗe hannu ya bar gidansa ga wuta. Wanda yake son gidansa da gaske, kafin ranar gobara yake nuna son. Tunda an san garwashi ne babban mai cin gida, aikin shi ne a hana shi abin da zai kama. A nome ciyawa a kwashe busasshen ganye a kewayen gida, tazarar da masana suka fi ambata ita ce kimanin mita 30. A share indararo da saman rufi. A sare rassan da suka rufa a kan ɗaki. A nisantar da itacen girki da tukunyar gas da man fetur daga jikin bango. A toshe kafofin da tartsatsi zai iya shiga. A tanadi ruwa da hanyar ɗibansa wadda ba ta dogara da lantarki ba. Gidan da aka yi wa wannan hidima yana iya tsira ko babu kowa a ciki, kuma ya sauƙaƙa wa 'yan kwana-kwana aikinsu.

Sa'an nan a haɗa jaka guda a ajiye kusa da ƙofa: takardun gida da na makaranta da na shaida, magungunan masu ciwo, ruwan sha, tocila, rediyo mai batir, da 'yan kuɗi. Tufafin ranar su kasance na auduga ko ulu masu rufe jiki, da takalmi mai kauri, domin yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. A kai dabbobi fili marar ciyawa tun da wuri, kada a bar su a ɗaure. Tsofaffi da yara da majinyata su ne farkon tafiya. Kuma a leƙa maƙwabcin da ba shi da abin hawa ko ba shi da mai taimako.

Wannan na ƙarshe ya kawo mu ga amsar mai cewa idan kowa ya tafi wa zai taimaki maƙwabci. Hakkin maƙwabtaka a sha'anin gobara tun kafin ta tashi yake farawa. Ciyawar da ka ƙi nomewa a bayan katangarka ita ce gadar da wuta za ta taka ta shiga gidan na kusa da kai. Wanda ya share nasa ya taimaki unguwa fiye da wanda ya bar juji ya zo ranar gobara yana ta ihu da bokiti.

Mu shafa wa namu ruwa

Dajinmu ba irin na Biktoriya ba ne, wutarmu ba ta cika kai tasu tsanani ba. Amma duk wanda ya san karkara ya san abin da ke faruwa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe iska kuma ta taso. Mafarauci ya cinna wa daji wuta don ya kori gafiya ko zomo, mai gyaran gona ya ƙona sheme ya tafi gida, mai shan taba ya yar da guntu. Garuruwanmu kuwa ga dangar kara, ga zana, ga jinka, ga harawa a kan rufi, ga rumbuna a jere a bayan gari. A yankunan makiyaya na Jamhuriyar Nijar har dogayen layuka ake sharewa a cikin daji bayan damina, don wuta ta iso ta rasa abin ci ta tsaya. Manomanmu na da can ma sun san a share kewayen rumbu tas kafin a zuba hatsi.

Za a iya cewa Bature yana da inshora, talakanmu kuwa idan rumbunsa ya ƙone abincin shekara ne ya tafi, don haka shi dole ya tsaya. Mun yarda hasararsa ta fi zafi. Amma wannan dalili ne na ya fi kowa himmar shara da nisanta rumbu daga ciyawa tun da wuri. Bai zama dalilin tura yara da mata cikin hayaƙi su ceto dami ba. Wanda hatsinsa ya ƙone, dangi da maƙwabta suna iya haɗa masa kwano-kwano har damina ta zagayo. Wanda ɗansa ya ƙone, duk garin ba mai abin da zai haɗa masa. Haka kuma mai cewa abin da aka ƙaddara ba makawa, mu tuna masa cewa shi ɗin nan yana kulle ƙofarsa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa.

Kammalawa

A taƙaice, amsarmu ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce: haƙƙin gini a kan maigida shi ne ya yi masa tanadi tun wuta ba ta tashi ba, haƙƙin iyali a kansa kuwa shi ne ya fitar da su tun hanya tana buɗe. Idan ya sauke na farko a kan lokaci, na biyu ba zai yi masa nauyi ba. Wanda ya ga yana da ƙarfi da kayan aiki, ranar kuma ba ta bala'i ba ce, ya tsaya in ya so, amma shi kaɗai ko da baligan da suka yarda da bakinsu. Wanda kuwa ya ce bari mu gani, ya sani da na sani ƙeya ce. Muna fata 'yan'uwa marubuta za su ɗauki wannan batu su faɗaɗa, masu ganin mun kauce kuma filin nan a buɗe yake gare su. Allah ya kiyashe mu da gobara, ta daji da ta gida, amin.